Babbaƙun Japanawa: amsa ga mai son fara karanta hiragana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina shirin neman gurbin ƙaro karatu a Japan, sai aka ce mini in fara koyon hiragana tun yanzu. Wata biyu ke nan ina kallon jadawalin haruffan a waya, yau in haddace gobe in manta, wasu haruffan kuma kamar tagwaye suke a idona. Ta ina ya kamata in fara? Kuma ba zai yiwu in riƙa karanta Japananci da haruffan boko kawai ba, tunda na ga ana rubuta shi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a.

Bari in fara da tambayar ƙarshe, don ina zargin ita ce ta sa kake kwan gaba kwan baya. Rubuta Japananci da haruffan boko, wanda suke kira romaji, abu ne na baƙi da fasfo da allunan tasha. Salon da ka fi cin karo da shi yana ɗauke da sunan wani likita ɗan Amurka, James Curtis Hepburn, wanda ya fitar da ƙamus na Japananci da Ingilishi a 1867. Ɗan Japan ba ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa da shi, ba a buga jarida da shi, kuma takardar jarrabawar ƙwarewa a harshen, JLPT, ko a matakinta na ƙasa N5, ba a rubuta tambayoyinta da romaji. Babbar illarsa ga mai koyo ita ce ido malalaci ne. Muddin jadawalin da ke wayarka yana da あ a sama da a a ƙasa, idonka zai zame ya sauka kan wanda ya sani, kai kuma ka ɗauka ka karanta hiragana. Wata biyun da ka yi, ina jin boko ka yi ta maimaitawa.

Japanawa na haɗa rubutu iri uku ne a jimla guda. Dubi wannan: 私はパンを食べます, ma'ana ina cin burodi. 私 da 食 kanji ne, haruffan da suka aro daga Sin, kowanne yana ɗauke da ma'ana. パン katakana ne, rubutun da suka ware wa kalmomin aro da sunayen ƙasashen waje, kalmar burodin ma daga Turawan Fotugal suka same ta. Sauran, は da を da べます, su ne hiragana: da su ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla. Kanji da gwamnati ta tsara don amfanin yau da kullum tun 2010 guda 2,136 ne, yaran firamare suna koyon 1,026 a shekara shida, 80 a aji ɗaya. Amma kafin yaro ya taɓa kanji ko ɗaya sai ya iya hiragana, kuma duk jimlar nan ta sama ana iya rubuta ta da hiragana zalla: わたしはぱんをたべます. Shi ya sa aka ce ka fara da shi, kuma wanda ya ba ka shawarar ya yi gaskiya.

Abin da za ka fara gyarawa a kanka shi ne kalmar "harafi". A boko b baƙi ne, a wasali ne, sai ka haɗa su ka sami ba. A hiragana babu wannan haɗin. Kowace alama gaɓa ce cikakkiya, baƙinta da wasalinta a cure wuri guda: か ita ce ka, き ki, く ku, け ke, こ ko, kuma ba za ka sami wani yanki a jikinsu da za ka nuna ka ce ga k ɗin nan ba. Ka tuna ba be bi bo bu da muka rera a aji ɗaya? To ka ƙaddara kowace gaɓa a cikinsu an yi mata zane nata na kanta. In ka yi makarantar allo, ka san sai an gama babbaƙu kafin a shiga farfaru. A nan babbaƙu da farfaru a tare suke zuwa, lokaci guda.

Na asali guda 46 ne. Wasula biyar a jere a, i, u, e, o, wato あいうえお, sai layin k, s, t, n, h, m, y, r, w, sannan ん ita kaɗai a ƙarshe. Layin y uku ne kawai, ya yu yo, layin w biyu. Da akwai wi da we, ゐ da ゑ, aka daina amfani da su a rubutun yau da kullum bayan gyaran ƙa'idar rubutu na 1946. Ka riƙe jerin a-i-u-e-o yadda yake, kada ka mayar da shi a-e-i-o-u na boko, domin da shi ake jera ƙamus da sunayen ɗalibai a rajista, kuma idan ka zo juya aikatau za ka tarar kan wannan jerin yake hawa da sauka: かかない, かきます, かく, かけば, かこう, duk daga kalmar "rubuta".

Yanzu ga inda Bahaushe ya fi Bature sa'a, kuma littattafan koyarwa ba za su gaya maka ba saboda ba don mu aka rubuta su ba. A layin s za ka ga sa, shi, su, se, so. A layin t za ka ga ta, chi, tsu, te, to. Ana gabatar da shi da chi a matsayin wasu bauɗaɗɗu da sai an haddace. Mu kuwa bakinmu yana yin wannan tun muna goye: mota ta zama motoci, ƙasa ta zama ƙasashe, kaza ta zama kaji. T ta haɗu da i ta koma c, s ta koma sh, z ta koma j. Haka ち take, ci ce irin ta cin abinci. し ita ce shi, じ kuma ji. Sai dai ka kula, Japananci bai yi nisa kamar Hausa ba: せ se ce, ba she ba, て kuma te ce, ba ce ba. つ ce ke buƙatar ɗan aiki, don tsu ɗinmu na tsuntsu da tsufa yana da tsauri, ana matse maƙogwaro wajen faɗinsa. Nasu sassauƙa ne, t ce da s a manne, iska na fita ba matsi.

Sai ふ. Wasu littattafai su rubuta fu, wasu hu, ɗalibai su yi ta gardama. Kai ka san fura da hura, ka san fuɗu da huɗu, ka san Basakkwace da mutumin Maraɗi "lahiya" suke cewa. Wannan f ɗin namu da ake hurawa tsakanin leɓe biyu, haƙori bai taɓa leɓe ba, shi ne ふ. Kuma dalilin iri ɗaya ne da namu: layin h gaba ɗayansa da f ake furta shi a da, har Turawan mishan da suka buga ƙamus a Nagasaki a 1603 da f suka rubuta shi, kafin nan kuma p ne. Riƙe wannan, zai yi maka bayanin wani abu nan gaba. R ɗinsu kuwa bugu ɗaya ne na kan harshe, ya fi kusa da r ta ruwa da rana, ba mai karkarwa irin ta tara da arba'in ba.

To yaya za a yi su zauna a ka? Da hannu. Ajiye wayar, ka sayi littafin lissafi na 'yan firamare mai gida-gida, da fensir. Haɗa gida huɗu su zama ɗaki ɗaya na harafi guda, don littafin da yaran Japan ke koyo da shi haka yake, murabba'i ne da aka raba huɗu da ɗigo-ɗigo domin yaro ya ga inda kowane zane ya fara da inda ya tsaya. Layi ɗaya a rana ya isa, haruffa biyar. Kowanne ka rubuta shi kana faɗinsa da ƙarfi, yadda almajiri ke yi da allonsa, hannu na ja baki na faɗi kunne na ji. Kashegari, kafin ka taɓa sabon layi, ka juya shafi fari ka rubuta na jiya da ka. Wanda ya ƙi zuwa kada ka yi saurin leƙawa, ka ɗan yi kokawa da shi tukuna, wannan kokawar ce ke kafa shi. A haka kwana goma sun kai ka ƙarshen jadawali, ka ƙara kwana huɗu na bita. Na sha ganin masu cewa sun gama a kwana biyu, kuma ba ƙarya suke ba, amma in ka jarraba su bayan mako sai ka tarar rabi ya zube.

Bin tsarin zane ba ƙa'idar banza ba ce. Daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma babu harafin da ya wuce zane huɗu. し da つ da く da へ da の ma ja ɗaya ne ba ɗaga hannu. Kowane zane yana da yadda yake ƙarewa, iri uku: tome, ka tsayar da fensir cak, hane, ka ɗan harba shi kamar ƙugiya, harai, ka sake shi ya sirance. Asalin wannan daga alƙalamin gashi ne. Hiragana ba zama aka yi aka ƙirƙire shi ba, kanji ne da aka yi ta rubutawa da sauri, ana tafiyar tsutsa da shi, har ya narke. あ daga 安 ta fito, い daga 以, か daga 加, の daga 乃. In ka ajiye 安 kusa da あ ka zuba musu ido za ka ga uwa da 'yarta. A zamanin Heian, 794 zuwa 1185, manyan maza na fada da Sinanci suke rubutun hukuma, matan fada kuma suka rungumi wannan sassauƙan rubutu har aka riƙa ce masa onnade, hannun mata. Da shi Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11. A da gaɓa ɗaya tana iya samun zane iri-iri, sai a 1900 aka tsayar da guda ɗaya ga kowace gaɓa domin makarantu. Waɗanda aka ajiye har yau kana iya ganinsu a labulen ƙofar wasu tsofaffin gidajen cin taliyar soba, kada su tayar maka da hankali, 'yan ƙasar ma da yawa ba sa iya karanta su.

Wani abu da ke rikita masu koyo daga waya: き da さ da り a bugun inji sukan zo a haɗe, zanen ƙasa a manne da na sama, amma a rubutun hannu akan raba su. ふ ma haka. Harafi ɗaya ne, kamar yadda a ta littafi ta bambanta da wadda kake rubutawa. Ka kwaikwayi ta hannu.

Batun tagwaye kuwa, ba kai kaɗai ba ne, kowa ya sha wannan. Maganinsu kada ka koye su a rarrabe, ka zaunar da su kusa da juna ka nemo abu ɗaya tak da ya raba su. め da ぬ: jiki ɗaya ne, nu ce ke da ƙulli a wutsiya. ろ da る: haka nan, ru ce mai ƙulli. わ da れ da ね: hagunsu ɗaya, a dama suka rabu, wa ta lanƙwaso ciki, re ta harba ƙafa waje, ne ta ƙulle wutsiya. は da ほ: ho ta sa hula, ha kanta a buɗe, sandar ta leƙo sama. さ da ち: sun juya wa juna baya, chi ce ta yi kama da lamba 5. き kuwa さ ce da aka ƙara wa sanda ɗaya. い da り: a ri zanen dama ya fi tsawo ya zarce ƙasa. あ da お su ne suka fi ba ni wahala ni kaina, har sai da na lura o tana da ɗan ɗigo a gefe can sama, a ba ta da shi.

Malaman allo sun daɗe da gane cewa harafi yana zama ne in an ba shi suna daga siffarsa, shi ya sa muke da ɗa mai hannu da lam jaye da ta kuri. Yi wa hiragana haka, da Hausa. Hotunan tunatarwa da ke cikin manhajojin waya a kan kalmomin Ingilishi aka gina su, sai ka zama kana fassara sau biyu. Ni ga kaɗan daga nawa: く bakin kurciya ne a buɗe. こ gaɓa biyu ce ta kogi. に kuwa ni ne tsaye a bakin kogin. う uwa ce ta sunkuya tana shara. つ tsumagiya ce ta lanƙwashe. と iri ne ya yi toho. Naka za su fi nawa yi maka amfani, kuma wanda ya fi ba ka dariya ya fi daɗewa. Bayan mako biyu za su faɗi da kansu, ba ka buƙatarsu kuma.

Tun ranar farko ka fara karanta kalmomi, kada ka jira ka gama. Da wasula biyar kaɗai kana da いえ gida, うえ sama, あお shuɗi, あい ƙauna. A nan ka kula da bakinka, don Bahaushe ba ya son wasali biyu a jere, sai ya cusa w ko y ko hamza a tsakani, あおい ta koma awoyi. A bar su su bi juna a sulale. Da layin k ka sami かお fuska, こえ murya, えき tashar jirgin ƙasa. Da na s ka sami うし saniya, あさ safiya, いす kujera. Za ka kuma yi ta cin karo da kalmomin da za su sa ka murmushi: なま nama na nufin ɗanye, かさ kasa laima ce, くさ kusa ciyawa, また mata kuma "sake", shi ya sa sai gobe a wurinsu また あした ne. Dacewa ce kawai, harsunan biyu ba su haɗa dangi ba, amma tana taimaka wa hadda. Wani atisayen mai daɗi shi ne rubuta garuruwanmu: かの, ざりや, だうら, ぐさう, あざれ. Na motsa hannu ne kawai, don a ƙa'ida sunan waje da katakana ake rubuta shi.

In 46 sun zauna, sauran ba sababbin zane ba ne. Ɗigo biyu a kafaɗar dama, tenten, suna nauyaya sauti: か ta zama が ga, さ ta zama ざ za, た ta zama だ da, は ta zama ば ba. Guda 20 ke nan. Ɗan zagaye, maru, a layin h kaɗai yake hawa ya ba da pa pi pu pe po, guda 5, jimla 71. Ka ga amfanin tarihin da na ce ka riƙe: h ce ke haifar da b da p saboda ita kanta p ce a asali. A nan fa sa'armu ta ƙare, don p ba tamu ba ce. Wanda bai kula ba zai ce enfitsu maimakon えんぴつ, fensir. Rufe leɓe ruf, ka tara iska, ka sake ta da fashewa. Riƙe 'yar takarda a gaban baki kana gwadawa. ぢ da づ kuwa ji da zu ake karanta su, daidai da じ da ず, ba kasafai suke fitowa ba.

Sai ƙananan ゃゅょ da ake liƙa wa haruffan layin i: き da ƙaramar や su ba da きゃ kya, irin ta kyanwa, ぎゃ gya ta gyaɗa, しゃ sha, ちゃ ca, じゃ ja. Duk muna da su. Masu ɗan wuya su ne rya, ryu, ryo da byo, inda harshe ke son ya ce riyo. Girman harafin shi ne komai: びょういん asibiti ne, びよういん kuma shagon gyaran gashin mata.

Abin da na fi so ka ba wa lokaci shi ne tsawon sauti, don nan ne kunnenka yake da jari amma boko ya koya maka sakaci. Gari na mutane da gari na tuwo, dafa abinci da dafa kafaɗa: bakinka yana bambanta su, alƙalaminka ba ya yi, mai karatu ne ke cika sauran daga ma'ana. Hiragana ba ya barin wannan ga mai karatu, yana rubuta tsawon. おばさん goggo ce ko inna, おばあさん kaka. おじさん kawu, おじいさん kaka namiji. ゆき dusar ƙanƙara, ゆうき jarumta. Ka kira matar da ba ta wuce arba'in ba おばあさん ka ga yadda fuska ke canzawa. Dogon o galibi da う ake cika shi, kamar ありがとう na gode da おはよう ina kwana, ba a cewa "tou", to ce aka ja. 'Yan kalmomi ne ke zuwa da お biyu, irin su おおきい babba da とおい mai nisa, sai a haddace su. Dogon e kuma galibi da い ne: せんせい, malam, ana jan se ɗin ƙarshe.

Ƙaramar っ ita ce shaddarsu. Ba a furta ta tsu, baƙin da ke bin ta take ninkawa, kamar bambancin mana da manna, ko daba da dabba. きて zo, きって kan sarki. おと sauti, おっと miji. Turawa suna shan wahala a nan, kai kuwa da ka taso da shadda ba ruwanka.

Hanyar da za ta haɗa maka duk wannan ita ce tafi. Kowane harafi bugu ɗaya ne, tsawonsu ɗaya, har da っ da ん da wasalin ja. Ƙananan ya yu yo ne kaɗai ba su da bugun kansu. きて tafi biyu, きって uku, na tsakiyar shiru ne amma yana cin lokacinsa. とうきょう, wato Tokyo, huɗu. おばあさん biyar. Wanda ya san awon rubutacciyar waƙar Hausa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ya riga ya san wannan lissafin, kuma da irin wannan ƙirgen ake auna 5-7-5 na waƙar haiku.

ん ita kaɗai ce baƙi marar wasali, kuma tana canza launi gwargwadon maƙwabcinta. Kafin b, p, m takan koma m: しんぶん, jarida, shimbun ake ji. Kafin k da g takan koma can baya a hanci. Faɗi "ɗan birni" da "ɗan kasuwa" ka saurari n ɗinka, ita ce dai. Babu kalmar Japananci ta asali da ke farawa da ita, har yara suna da wasan shiritori, inda kowa ke kawo kalma da gaɓar ƙarshen ta abokinsa, wanda ya kawo mai ƙarewa da ん ya faɗi. Wasa ne mai kyau ga mai koyo in ka sami abokin yi. Ka kuma saba da jin u da i suna shanyewa tsakanin baƙaƙe marasa nauyi ko a ƙarshe: です des ake ji, すき kuma ski. A rubutu dai suna nan.

Ranar da aka fara mayar mini da takardar gwaji na gan ta cike da jajayen zagaye, gabana ya faɗi, don a wurinmu jan biro ya zagaye abu to an yi kuskure. Ashe a wurinsu zagaye shi ne "daidai". Wuri ɗaya ne malamar ba ta zagaye ba, inda na rubuta gaisuwar rana こんにちわ. Ta ja layi a ƙarƙashin わ ta rubuta は a gefe. Haruffa uku ne ke da wannan hali idan suna aikin ɗaure jimla: は a karanta ta wa, へ a karanta ta e, を a karanta ta o. Tsohon rubutu ne da gyaran 1946 ya bari yadda yake. Gaisuwar ma guntun jimla ce, "yau kam…", shi ya sa こんにちは da こんばんは suke ƙarewa da は. A cikin kalma kuwa, kamar はな fure, ha ɗinta ce.

Gane haruffa daban, karatu daban, kuma tsakaninsu ne mutane suka fi karaya. Za ka yi makonni kana bin kalma gaɓa-gaɓa kamar ɗan aji ɗaya, ka kai ƙarshen jimla ka manta farkonta. Ba alamar daƙiƙanci ba ce. Ƙari a kan haka ba sa barin fili tsakanin kalmomi, sai a littattafan ƙananan yara da na masu koyo. Gwada wannan da suke wasa da ita: にわにはにわにわとりがいる, akwai kaji biyu a tsakar gida. Da kanji 庭には二羽鶏がいる ce, nan take kowace kalma ta fito fili. Daga nan za ka daina jin haushin kanji. Abin da ya buɗe mini karatu ni allunan tashar jirgi ne, waɗanda ke ɗauke da sunan tasha da kanji da hiragana da boko. Nakan ɗaga babban yatsa in kare bokon daga idona, in yi ta fama da しんじゅく, tashar Shinjuku ta Tokyo, kafin ƙofar jirgi ta rufe. Kai da kake gida kana da madadinsa: shafin NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, na labarai cikin sauƙaƙan Japananci yana ɗora ƙananan hiragana a kan kanji, abin da ake kira furigana. Ko ba ka fahimci labarin ba, karanta layi uku da ƙarfi kullum. Gidauniyar Japan Foundation ma tana da darussa kyauta a intanet masu sauti, ka riƙa sauraro kana bin rubutu da yatsa. Sauraron yana da wani amfanin, don hiragana ba ya nuna karin sauti, kamar yadda boko ba ya raba kukan yaro da kukar miya. A lafazin Tokyo あめ in ta fara sama ta sauko ruwan sama ce, in ta fara ƙasa ta hau alewa ce. Kunnen da ya taso da Hausa yana kama wannan da wuri in an nuna masa akwai shi.

Wayar da na ce ka ajiye, bayan mako biyu ka ɗauko ta ka sa mata allon rubutu na Japananci mai maɓalli 12, wanda ake danna か a ja yatsa hagu a sami き, a ja sama a sami く. Shi zai tilasta maka tunani da jerin a-i-u-e-o ba tare da boko ya shiga tsakani ba. Katakana kuma kada ka haɗa shi da wannan yanzu; sautukan ɗaya ne, zanen ne daban, in hiragana ya kafu mako guda zuwa biyu ya ishe shi.

Ga abin da za ka auna kanka da shi ranar da ka cika kwana goma sha huɗu. Kwafe shi da hannu, sannan ka karanta da ƙarfi kana tafi:

わたしは がくせいです。まいにち がっこうへ いきます。にほんごを べんきょうします。

Ma'anarsa: ni ɗalibi ne, kullum ina zuwa makaranta, ina karatun Japananci. A ciki akwai は da へ da を masu sauya murya, akwai dogon e da dogon o, akwai shadda a kalmar makaranta, akwai ƙaramar ょ, akwai ん sau biyu a gaban g da k, ga kuma す da ke shanyewa a ƙarshen kowace jimla. In ka rubuta, ɗauki hoton shafin ka turo mini in duba hannunka, musamman わ da を da ほ.